Martani ga Mai Cewa Aikin Fasaha Ba Ya Zama Bincike Sai da Turanci

Kwanakin baya wani malamin jami'a ya yi rubutu a jarida game da manyan digirorin da ake bai wa masu zane da sassaƙa da ginin tangaran bisa aikin da suka yi da hannunsu. Hujjojinsa uku ne. Ta farko, wai aikin fasaha sana'a ce kurum, ba ta shiga sahun bincike sai an zuba ta cikin keɓaɓɓun kalmomin da jami'o'in Turai suka amince da su. Ta biyu, wai Hausa da sauran harsunanmu ba su da irin waɗannan kalmomi, saboda haka ɗalibin da ya ce da su zai yi bayanin aikinsa yana ɓata wa kansa lokaci ne. Ta uku, ya kafa hujja da maginiyar tukwane Ladi Kwali. Ya yarda gwana ce, amma a ganinsa digirin girmamawar da aka ba ta karamci ne kawai, bai sa ta zama mai bincike ba. Tunda maganar ta iso Suleja, mu mazauna Kurmin Sarki da sauran unguwannin garin muna da ta cewa, domin a garinmu aka yi aikin da yake magana a kai.

Akwai inda Malam ya yi gaskiya. Ba duk mai aikin hannu ne mai bincike ba. Maginiyar da ta gina tulu ɗari iri ɗaya kamar yadda ta gada gwana ce, amma ba ta ƙara wa ilimin gini wani abu sabo ba. Ita ma jami'a tana da haƙƙin neman bayani a rubuce, domin tukunya ba ta iya faɗin tambayar da mai ita ya sa a gaba, ko gwaje-gwajen da suka lalace kafin a dace. Inda muka saɓa da Malam shi ne ɗaukar da ya yi cewa kalmomin su ne binciken, kuma harshe ɗaya ne yake da su.

Ya kamata mai karatu ya san daga ina waɗannan kalmomi suka fito, don ba tsofaffi ba ne. A 1992 Birtaniya ta mayar da manyan kwalejojinta na koyon sana'a jami'o'i, sai makarantun zane da yawa suka tsinci kansu cikin tsarin da ake auna binciken kowane sashe kafin a ba shi kuɗi. Malaman da suka shekara suna zane da sassaƙa suka wayi gari ana tambayarsu ina nasu binciken. A 1993 Christopher Frayling na Kwalejin Fasaha ta Sarauta da ke Landan ya fitar da wata gajeriyar maƙala, ya kasa al'amarin gida uku: binciken da ake yi a kan fasaha, da wanda ake yi ta hanyar aikata ta, da wanda ake yi domin a samar da aikin fasahar kansa. Daga nan sunaye suka yi ta yaɗuwa. Ingila da nata, Ostareliya da nata, ƙasashen arewacin Turai da nasu. A 2016 makarantun fasaha na Turai suka fitar da ƙa'idojin Florence kan digirin dakta, a 2020 kuma aka fitar da sanarwar Vienna kan bincike ta hanyar fasaha, duk a ƙoƙarin daidaita baki. Kalmomin da Malam yake so su zama ƙofar shiga ilimi ba su daɗe da wuce shekara talatin ba, kuma rabon kuɗin jami'a na cikin abin da ya haife su. Masu su ma har yau suna gardama a kansu.

To, mene ne bincike? Bari mu ɗauki ma'aunin da su Turawan suke aiki da shi, don kada a ce mun kawo namu. Littafin Frascati na ƙungiyar OECD, bugun 2015, wanda gwamnatoci suke bi wajen ƙididdige bincike, ya shimfiɗa sharuɗɗa biyar. Aikin ya nufi gano sabon abu, ya kasance da ƙirƙira a ciki, ba a san yadda zai ƙare ba tun farko, an bi tsari wajen yin sa, sannan wani zai iya ɗaukar sakamakon ya maimaita ko ya yi gaba da shi. Babu sharaɗin harshe ko ɗaya a ciki. Sai mu ɗora abin da aka yi a Suleja a kan wannan ma'auni.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki Michael Cardew, wani maginin tangaran daga Ingila, a matsayin jami'in kula da ginin tukwane. Ya zaga ƙasa yana duba yumɓu da maginai. A gidan Sarki Sulaimanu Barau, a garin Suleja da a lokacin ake kira Abuja, ya ga tukwanen wata mata daga Kwali, wato Ladi, da Sarki ya tara. Tsakanin 1951 da 1952 aka kafa cibiyar koyar da ginin tangaran a garin. Tambayoyin da ke gaban cibiyar babu amsarsu a wani littafi. Wane yumɓu ne a wannan yanki zai jure zafin da ya haura digiri 1,200 bai narke ko ya tsage ba? Wane dutse za a niƙa, a haɗa da wace toka, a sami ruwan ƙyallin da zai narke a jikin kwano ya zama kamar gilashi? Yaya za a gina tanderun itace da zai kai wannan zafi? Cardew ya riga ya sha wuya kan irin waɗannan tambayoyi a Gana cikin shekarun 1940, don haka babu wanda ya tabbata za a dace. An yi ta gwaji ana rubuta sakamako, kuma littafinsa Pioneer Pottery da ya fito a 1969 cike yake da abin da ya koya a Afirka ta Yamma. Na san Malam ba zai yi musun cewa wannan bincike ne ba, tunda an buga shi da Turanci a Landan.

Ga kuma ɓangaren Ladi. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta zo da ilimin matan Gbagyi na gini ba tare da na'ura ba. Ana aza curin yumɓu, a jawo shi sama daga ciki, a riƙa ƙara masa murɗaɗɗen yumɓu, maginiya tana zagaya tukunyar ita kuwa tukunyar tana tsaye. Irin wannan tukunya a fili ake toya ta da itace da ciyawa, cikin zafin da ke tsakanin digiri 600 zuwa 900, a yayyafa mata ruwan makuba tana da zafi. Jikinta yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Su ne suke sa ruwa ya tsatso ya bushe a waje, na ciki ya yi sanyi, su ne kuma suke sa ta jure wutar murhu ba ta fashe ba. Cardew da kansa ya yarda cewa tukwanen gargajiya sun dace da aikinsu, ba su neman gyara.

Abin da Ladi ta yi shi ne ta ɗauki wannan gini na gida ta kai shi inda bai taɓa zuwa ba. Ta gina manyan tukwanen ruwa da hannu, amma da yumɓun tangaran, wanda halinsa a hannu da a wuta daban yake da na Kwali. Ta zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsaye a jikinsu, aka cike zanen da farar ƙasa, aka rufe da ruwan ƙyalli mai nuna abin da ke ƙarƙashinsa, aka toya a tanderu. Abin da ya fito sabo ne, kuma ya zo da darasi. Tukunyar ta yi nauyi, kafofinta sun toshe, ta daina sanyaya ruwa. Ta tashi daga kayan ɗaki ta koma abin kallo da ajiya. An gano abin da wuta mai tsanani take ƙara wa tukunyar Gbagyi da abin da take raba ta da shi, kuma a jikin tukunyar aka gano shi. Ta kuma koyi gini a kan faifan juyi, ta fitar da kwanuka da farantai masu ɗauke da zanenta.

Saura sharaɗin miƙa ilimi ga wani. Bayan Ladi, mata irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa sun shiga cibiyar sun bi wannan hanya. An nuna ayyukan Abuja a zauren Berkeley da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962. A 1972 Ladi ta zaga Amurka tare da Cardew tana gini a gaban ɗalibai da malamai. A 1974 wata ɗaliba 'yar Kenya, Magdalene Odundo, ta zo garin nan ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da abokan aikinta. Odundo ta zama farfesa a Ingila, kuma a 2018 aka naɗa ta uwar Jami'ar Fasahohin Ƙirƙira ta can. Ilimin da ya tashi daga Kwali ya ratsa Suleja ya shiga azuzuwan Turai, ba a yi masa fassara zuwa kalmomin 1993 ba, don a lokacin ba a ƙirƙiro su ba tukuna. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Ladi digirin girmamawa a 1977, Nijeriya kuma ta ba ta lambar yabo ta ƙasa ta masu ilimi da fasaha a 1980, shaida suka yi a kan aikin da aka riga aka gama. Bambancin da ke tsakaninta da Cardew shi ne shi yana da alƙalami da maɗaba'a, ita kuwa ba ta yi boko ba, kuma babu jami'ar da ta zauna ta rubuta bayaninta da harshen da take yin sa. Wannan giɓi ne a ɓangaren masu rubutu.

Sai batun cewa Hausa ba ta da kalmomi. Malam ya shiga karofi a Ƙofar Mata ta Kano ya saurari marina suna maganar baba da shuni da toka da katsi, da yadda ake gane rini ya nuna. Ya tsaya gaban magina su yi masa bayanin tubali da azara da bakan gizo da ɗaurin guga da zanko, kalmomin da suka riƙe gine-gine irin su Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19. Ya tambayi maɗinkan riguna bambancin aska biyu da aska takwas da malum-malum. Kowace kalma a nan tana nuna wani abu takamaimai da wanda ba ɗan sana'a ba zai rikita, kuma wannan shi ne aikin keɓaɓɓiyar kalma a kowane fanni. Masu bincike na gaske sun daɗe da sanin haka. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, da sunayen da maɗinka suke kiran zanensu ya yi aiki. Hamman Tukur Saad, a kundin digirinsa na dakta na 1981 a Jami'ar Michigan, wurin magina ya je ya ji yadda suke auna kyan gini da gwanintar mai yin sa.

Wataƙila Malam ya ce waɗannan sunayen kaya ne, shi kalmomin nazari yake nufi. To, sashen Hausa na jami'o'inmu ya riga ya amsa masa. Waƙa ma fasaha ce da ake aikatawa, kuma an taɓa ɗaukar makaɗa a matsayin maroƙa kawai. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar feɗe rubutacciyar waƙa da kalmomi irin su jigo da salo da zubi da tsari. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a nazarin waƙar baka, ya yi aiki da turke da gindin waƙa da ɗiya da amshi, yawancinsu daga bakin makaɗan da muhallinsu aka ɗauko su. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Yau a Kano da Zariya da Sakkwato ana rubuta kundin digirin dakta da Hausa tun daga shafin farko har na ƙarshe, ana kuma kare shi da Hausa. Waɗannan kalmomi ba a tarar da su a shirye ba. Mutane ne suka zauna suka tattaro, suka gwada, suka yi musu, suka daidaita. Idan fannin zane da tangaran ba shi da irin wannan ƙamus, aikin ne ba a yi ba.

Garinmu ma yana da nasa misalin. Alhaji Hassan, Dallatun Abuja, da Malam Shu'aibu Na'ibi da Hausa suka rubuta tarihin Abuja da sarautunta da al'adunta. Frank Heath ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a 1952, kuma M. G. Smith ya jingina da bayanin Malam Hassan a littafinsa kan tsarin mulkin Zazzau na 1960, wanda har yau ake karantawa a jami'o'in duniya. An yi tunanin da Hausa, an rubuta da Hausa, fassara ta biyo baya, kuma darajar aikin ba ta ragu ba.

Hanyar da Malam yake kira a bi tana da illa da duk wanda ya leƙa kundayen ɗaliban fasaha zai gane. Ɗalibi ya shafe watanni yana gwada yumɓu ko launi, ya gano abubuwa masu amfani, amma da ya zo rubutu sai ya binne su ƙarƙashin kalmomin aro da shi kansa bai gama fahimta ba. Babi guda ya tafi kan ra'ayoyin masanan Faransa, yawan tokar da ya zuba da tsawon lokacin da ya yi yana toyi su samu layi biyu. Mai jarrabawa ya ga manyan kalmomi ya sa hannu. Wanda zai zo baya ba ya samun abin da zai maimaita, ke nan an karya sharaɗin bincike da sunan kare shi. Wata illar kuma ta fi wannan. Tsohuwar da aka je wurinta a Ushafa ko Tatiko ko Kwali aka kwashi iliminta, ko an karanta mata abin da aka rubuta ba za ta gane ba, balle ta ce nan an yi kuskure. Ita ce ta fi kowa iya tantance gaskiyar bayanin, amma an rufe mata ƙofa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma binciken da mafi sanin abin ba zai iya gyara shi ba rauni gare shi, ko da wane harshe aka rubuta shi.

Na san damuwar da ke ƙarƙashin maganar Malam, kuma damuwa ce ta gaske. Ana auna malamin jami'a da abin da ya buga a mujallun waje, ɗalibi kuma yana son duniya ta karanta shi. Ba na kira a watsar da Turanci. Jamusawa da Japanawa suna rubuta bincike da harsunansu su sa taƙaitawa da Turanci, abin da ya yi fice a fassara shi. A fannin tangaran ma, sunayen Japananci irin su raku da shino sun shiga bakin maginan duniya yadda suke, saboda masu su sun riƙe su sun kuma yi bayaninsu da kyau. Babu abin da zai hana kalmar maginiyar Kwali yin irin wannan tafiya in an rubuta ta an fayyace ta. Kuma kada mu Hausawa mu yi wa wasu abin da muke kuka da shi. Ilimin Ladi da harshen Gbagyi ya fara, don haka duk ƙamus da za a yi wa wannan sana'a a yankinmu dole ya ɗauki Gbagyi da Hausa tare, Turanci ya zo na uku.

Abin da ya rage aiki ne, kuma ba mai tsada ba. Sassan fasaha da na harsunan Nijeriya a Zariya da Kano, tare da manyan makarantun Jihar Neja da na Birnin Tarayya, su haɗa ɗalibai su tura su wurin maginan da suka rage da waɗanda suka yi aiki a cibiyar Suleja, a ɗauki murya da hoto, a rubuta sunan kowane yumɓu da kowane mataki da kowane aibi da tukunya kan fito da shi daga wuta. A ba ɗalibin fasaha izinin rubuta bayanin aikinsa da Hausa in ya zaɓa, da taƙaitawar Turanci. A ranar jarrabawa a sa gwanin sana'ar cikin masu duba aikin, a kuma rubuta sunansa a kundin a matsayin wanda aka ɗauki ilimi daga gare shi. Sannan a auna kundin da tambaya ɗaya: wani zai iya karanta shi ya sake yin abin, ko ya wuce inda aka tsaya?

Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Hotonta yana bayan takardar naira ashirin, cibiyar da ta yi aiki a ciki tana ɗauke da sunanta, amma yawancin abin da ta sani game da yumɓu da wuta ya tafi da ita. Waɗanda suka koya a hannunta da hannun abokan aikinta suna ta manyanta. Ina roƙon Malam, da shi da sauran malaman fasaha, su bar jiran kalmomi daga Landan, su turo ɗalibansu Suleja da Kwali da Ushafa da na'urar ɗaukar murya tun masu ilimin suna raye.